"Na Gane" da Turanci: Wanne Za Ki Ɗauka?

 Yau aji za mu shiga, amma kada gabanki ya faɗi, babu bulala, babu jarrabawa. Kalmomi biyu kacal za mu ɗauka mu jujjuya, kalmomin da kike faɗa ba adadi tun daga safe har dare: "na gane."

Da Hausa ba ki taɓa tsayawa tunani a kansu ba. Maigida ya yi miki bayani, ki ce na gane. Tela ya nuna miki inda zai rage, ki ce na gane. To amma ranar da kika zauna gaban likitan da ba ya jin Hausa, ko shugabar makarantar su yara, ko ma'aikacin banki, ko mai yi miki tambayoyin neman aiki, ya gama bayaninsa ya dube ki ya ce "Do you understand?", a nan ne harshe yake sarƙewa. Wata ta ce "I understood." Wata ta ce "I have understood." Wata kuma ta ce "I am understanding." Har da masu digiri a cikinmu, ba wai waɗanda suka tsaya a firamare kaɗai ba. Amsar da Bature yake jira kuwa ita ce mafi gajarta a cikinsu: "I understand," ko ma "Yes, I do."

Me ya sa bakinmu yake kauce wa mai sauƙin ya kama mai wuyar? Ba rashin ƙoƙari ba ne, 'yar uwa. Hausar da ke cikin kanmu ce take yi mana jagora, kuma ita a gidanta tana da gaskiya.

Ki duba yadda muke magana. Idan kika ce "na dafa," an gama dahuwa. Idan kika ce "na wanke," an gama wanki. Wannan "na" ɗin shi ne malaman nahawu suke kira shuɗaɗɗen lokaci, wato aikin da ya riga ya kammala. To amma da wannan "na" ɗin dai muke faɗin halin da muke ciki yanzu-yanzu. "Na gaji," ai ba jiya kike nufi ba, yanzu ne gajiyar take jikinki. "Na ƙoshi," yanzu ne cikin yake cike. "Na sani," "na yarda," "na gode," duk haka suke. Bahaushe yana kallon gajiya da ƙoshi da ganewa a matsayin abin da ya zo ya same shi ya zauna. Ganewar ta shigo, ta kammala shigowa, ga ta nan zaune, shi ya sa ya ce na gane.

Ba mu kaɗai ke wannan kallo ba. Duk wadda ta yi Islamiyya ta san malam yakan gama darasi ya ce "Fahimtum?", aji ya amsa "Fahimna." Wannan ma shuɗaɗɗen lokaci ne a Larabci, kuma daga can ne ma muka aro kalmar fahimta. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka yi karatun Faransanci sukan ce "j'ai compris," wanda shi ma aikin da ya kammala ne, ya dace da "na gane" kamar an auna. Ko Turancin buroka da ake yi a kasuwanni da barikoki, "I don hear" suke cewa, "don" ɗin nan kuwa alamar an gama ce. Kin ga ke nan muna da abokan tafiya da yawa. Turancin Ingilishi ne ya bi tasa hanyar daban.

Shi Bature ba ya kallon ranar da ganewar ta shigo. Halin da yake ciki a lokacin da yake maganar yake faɗa, kuma yana faɗinsa da aikatau tsurarsa, ba ƙari gaba ba ƙari baya: "I understand," "I know," "I agree," "I see." Misalin da zai zaunar miki da wannan a kai shi ne godiya. Mu "na gode" muke cewa, da "na" ɗinmu na aikin da ya wuce. Amma ko yarinyar da ke aji 2 ta san ba a cewa "I thanked you" idan aka ba ki abu, "thank you" ake cewa. To yadda ba ki ɗauko "na" ɗin godiya kin kai shi Turanci ba, haka za ki bar "na" ɗin ganewa a gida.

Yanzu bari mu ga abin da kunnen Bature yake ji idan kika ce "I understood." Kalmar daidai take, ba ta da aibu a nahawu. "Understand" ɗiyar "stand" ce, yadda "stand" take komawa "stood," haka "understand" take komawa "understood," babu wani abu wai shi "understanded." Matsalar ita ce kin ɗauke ganewar daga yanzu kin mayar da ita baya. Likita yana tambayarki halin da kike ciki a kan kujerar nan, ke kuma kin ba shi labarin ɗazu. Sai ya ji kamar maganarki ba ta ƙare ba, ya tsaya yana jiran "amma." Kamar ki ce wa mutum da Hausa "da dai na gane," ki yi shiru. Ai zai ce miki, to yanzu fa?

Ba ina cewa sama za ta faɗo ba. Yawancin mutane za su san abin da kike nufi su wuce. Amma akwai wuraren da wannan "understood" ɗin take da nata aikin, kuma aiki ne mai kyau, wanda idan kika iya shi zai fitar da ke kunya ya kuma ƙwato miki haƙƙi. Na farko, ba da labari. Kina gaya wa ƙawarki yadda taron iyaye da malamai ya kasance jiya, ki ce "I understood everything she said," wato duk abin da ta faɗa jiya na gane. Nan daidai ne, don jiya ta wuce.

Na biyun ne nake so ki buɗe kunne sosai. A ce an gaya miki kuɗin makaranta naira 40,000 ne a zango, kin haɗa kin je biya, mai karɓar kuɗi ya ce 55,000 ne. Ba sai kin ce masa ya yi ƙarya ba, ba kuma sai kin ɗaga murya ba. Ki ce, "I understood that the fees were forty thousand." Abin da kika faɗa a nan shi ne, ni dai yadda aka gaya mini, kuma yadda na ɗauka, 40,000 ne, ga shi yanzu ina jin wata magana daban. Kin nuna akwai saɓani, kin bar masa ƙofar ya yi bayani, ba ki zagi kowa ba. Haka idan an ce ki zo asibiti ƙarfe 10, kin zo aka ce ai layinki ya wuce tun ƙarfe 8: "I understood the appointment was at ten." Wannan shi ne ainihin gidan "I understood," ganewar da aka yi a baya wadda yanzu ta ci karo da wani abu. To kin ga dalilin da ya sa idan kika faɗe ta tsurarta bayan an gama yi miki bayani, mai sauraro yake jin kamar akwai ƙorafi a bayanta.

Sai "I have understood." Ita ce ta fi kama da "na gane" a gini, shi ya sa bakinmu yake son ta, kuma babu malamin da zai ja mata jan biro a takarda. A Nijeriya ana faɗinta, a Indiya ana faɗinta, kowa yana ganewa. Amma a kunnen mutumin Ingila ko Amurka tana da nauyi, kamar an sa babbar riga za a je sayen gishiri. Wani lokaci ma takan fito da ɗan zafi, irin na wadda aka dame ta da maimaici, kamar yadda yarinya take ce wa uwarta "to ai na ji" tana kumbura baki. Inda take zama daram shi ne idan kin haɗa ta da kalmar da ke nuna tsawon lokaci: "I have never understood why," wato ban taɓa gane dalili ba, tun da can har yau. Ko kuma wajen neman tabbaci cikin ladabi: "If I have understood you correctly," wato in dai na fahimce ki daidai. Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta, za mu koma kanta.

"I am understanding" kuwa, daga "ina ganewa" ta fito. Mu idan ana cikin yi mana bayani mukan ce, ci gaba, ina ganewa, ina fahimta. Lokaci mai ci ke nan, kuma an koya mana a makaranta cewa "ina" kaza shi ne "I am" da wutsiyar "ing." Ina dafawa, "I am cooking." Ina wanki, "I am washing." Gaskiya ne, amma akwai wasu aikatau a Turanci da ba sa son wannan wutsiya, su ne waɗanda ba aikin hannu ko ƙafa suke nunawa ba, hali suke nunawa na zuci ko na ƙwaƙwalwa ko na mallaka: "know," "understand," "believe," "want," "need," "belong." Ba a cewa "I am knowing her," sai dai "I know her." Ga Bature sani ba aiki ne da ake cikin yinsa kamar daka ba, ko dai kin sani ko ba ki sani ba. Wani abin kuma, "understanding" tana da wata ma'anar ta daban, wato mutum mai uzuri, mai sauƙin kai. Idan kika ce "I am understanding," ana iya ji kamar kina yabon kanki ne, kina cewa ni mace ce mai yi wa mutane uzuri. Halin kirki ne, amma ba shi likita ya tambaya ba.

Wata za ta ce, to ai na ji Turawan da kansu suna karya wannan doka. Haka ne. A shekarar 2003 kamfanin abinci na McDonald's ya fito da wata talla da ya liƙa wa kalmar "love" wutsiyar "ing," malaman Turanci suka yi ta gunaguni, tallar kuma ta zaga duniya. Za ki kuma ji Bature ya ce "I'm understanding more every day," idan yana nufin ganewar tana ƙaruwa sannu a hankali, kamar mai koyon saƙa. Amma mai gida shi ya san inda katangarsa take da gajarta. Ke da kike baƙuwa, ki bi ta ƙofa tukuna.

To me za ki ce idan kina so ki nuna kina biye, a ci gaba? Akwai su da yawa kuma duk gajeru ne. "I see." "I follow." "I'm with you." "Go on." Kalmar "follow" ma tana karɓar wutsiyar ba gardama, kina iya cewa "I'm following," don bi aiki ne da ake cikin yinsa. Idan kuma kan ya fara buɗewa amma bai gama ba, ki ɗora wutsiyar a kan farawar: "I'm beginning to understand." Sai dai ki yi hattara da "see." "I see" na nufin na gane. "I am seeing" wani abu ne daban, ko dai kina zuwa ganin likita, ko kuma, idan kika ce "I am seeing someone," kin sanar da jama'a kina da wanda kuke soyayya. Matar aure ta faɗi wannan a gaban dangin miji ai an shiga uku.

Haka "ji." Mu kalmar "ji" tana ɗaukar kaya da yawa, ji da kunne, jin harshe, jin magana, jin ƙamshi, jin zafi. Daga nan ne "I am hearing you" da "I don't hear English" suka fito. Idan a waya ne kina so ki ce muryar tana iso ki, "I can hear you" za ki ce. Idan layin ya lalace, "I can't hear you." Idan harshen ne ba ki iya ba, "I don't understand English" ko "I don't speak English." Akwai kuma "I hear you" da Amurkawa suke yawan faɗa, ita ce 'yar uwar "na ji" ɗinmu, irin wadda kowace matar aure ta san ta. Maigida ya ce "na ji," ai kin san bai ce zai yi ba.

Wannan bambanci tsakanin ji da ganewa da yarda ba ƙarami ba ne, har masu tuƙin jirgin sama sai da suka ware masa kalma. Idan kina kallon fim kika ji matuƙi ya ce "Roger," ba sunan abokinsa yake kira ba. A tsarin kiran haruffa ta rediyo na zamanin Yaƙin Duniya na 2, harafin R "Roger" ake ce masa, R ɗin kuma tana tsaye ne a madadin "received," wato saƙo ya iso. A 1956 aka sauya tsarin, R ta koma "Romeo," amma "Roger" ta zauna a bakin matuƙa har yau, kuma ma'anarta ba ta wuce saƙonka ya iso ni ba. Ba ta ce na yarda ba, ba ta ce zan aikata ba. A siyasa ma an taɓa yin irinta. Ranar 4 ga Yuni 1958 Janar de Gaulle na Faransa ya tsaya gaban dubban mutane a babban birnin Aljeriya ya ce musu "Je vous ai compris," wato na fahimce ku. Faransawan da suka zauna a ƙasar suka yi ta sowa, sun ɗauka ya yi alkawarin Aljeriya za ta ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa. A 1962 Aljeriya ta sami 'yancin kai. Saboda haka idan jami'i ya ce miki "I understand" bayan kin gama kai kukanki, kada ki tafi gida kina murna an amince. Tausayawa ce, ko nuna ya saurara. Ki tambaye shi abin da za a yi da kuma yaushe.

Yanzu ga wani abin daɗi. Turancin ma yana da nasa "na gane" mai siffar aikin da ya wuce, shi ne "Got it." Asalinta "I have got it," wato na kama, ya shigo hannu, aka gutsure ta don sauri. Amurkawa sukan ce "I got it," mutanen Ingila sun fi cewa "I've got it." Ita ce ta fi kusa da ruhin Hausarmu, kuma idan bakinki ya matsa sai ya yi shuɗaɗɗen lokaci, to ga inda za ki sauke shi. Amma maganar tsara ce. Ki faɗa wa abokiyar aiki, ki faɗa wa ɗanki, ki rubuta a WhatsApp. Ba a faɗa wa alƙali, ba a faɗa wa mai yi miki tambayoyin biza. A Amurka kuma idan kuna cin abinci aka kawo takardar kuɗi kika ce "I got it," kin ce ke za ki biya wa kowa, sai ki san inda kike faɗinta. Ita kuwa "I get it," da ɗan sauyin murya takan koma "na ji, ya isa haka," don haka ban cika son ta a gaban manya ba.

Akwai kuma "Understood" ita kaɗai, babu "I" a gabanta. Kada ki rikita ta da "I understood." Wannan ta masu karɓar umarni ce, soja, ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya da likita ya ba ta aiki. Kamar bafade ya ce "an gama, ranka ya daɗe." Ba labarin jiya ba ce, cewa take an ji, an ɗauka. Shugabarki a wurin aiki ta turo saƙo cewa a zo ƙarfe 7 gobe, "Understood" ta wadatar. "Noted" da ta cika ofisoshinmu ita ma tana aiki, sai dai a bushe take, wanda ba ɗan Nijeriya ba yana iya ɗauka fushi kike yi.

Mu juya kan rashin ganewa, don a ganina ya fi ganewar muhimmanci. "Ban gane ba" ita ma siffar abin da ya wuce take da ita, sai bakinmu ya kai mu ga "I didn't understand." Idan har yanzu kina cikin duhu, "I don't understand" za ki ce. Wannan ita ke sa mai bayani ya tsaya ya sake. "I didn't understand" tana iya nufin ɗazu ne ban gane ba, yanzu na gane, sai a wuce a bar ki. Amma ga wani wuri da shuɗaɗɗen lokaci yake daidai: idan kalmar ce ta wuce kunnenki, don an yi sauri, ko hayaniya, ko harshen mutumin ya yi miki nauyi. Nan sai ki ce "Sorry, I didn't catch that" ko "I didn't get that," don faɗar ta riga ta wuce, ita ce ba ki cafke ba. Kin ga bambancin? Ta farko tana cewa kaina bai ɗauka ba, a sauya hanyar bayani. Ta biyu tana cewa kunnena bai kama ba, a maimaita. Idan kika ba likita ta biyu alhali ta farko kike nufi, zai maimaita miki kalmomin nan dai da ƙarfi, ki fito yadda kika shiga.

A nan ne nake so in ɗan ja kunnenmu, mu mata. Kunya tana sa mu gyaɗa kai mu ce "yes" don kada a ce ba mu waye ba, ko don layi ya yi tsawo ana jiranmu. A wajen tela wannan asarar yadi ce kawai. A wajen maganin yaro kuwa ba wasa ba ne. Cokali 1 sau 3 a rana da cokali 3 sau 1 a rana, lambobin ɗaya ne, abin da za su yi wa jariri ba ɗaya ba ne. Shi ya sa a asibitoci da dama na Amurka da Ingila ake koya wa ma'aikata kada su tsaya a kan tambayar ko an gane, su sa mara lafiya ya maimaita bayanin da bakinsa. Ke ma kina iya yi wa kanki wannan ko ba a nema ba. Ki ce, "Let me see if I understand," ko waccan da na ce ki riƙe, "If I have understood you correctly," sannan ki jero abin da aikatau tsurarsa: "I give her one spoon, three times a day, for five days. Is that right?" Babu "gave," babu "am giving." Idan kin kuskure, a nan take za a gyara, kafin maganin ya shiga bakin yarinya.

Wata dabara mai sauƙi ga ranar da kai ya ɗaure: ki saurari kalmar farko ta tambayar, ki mayar da ita. "Do you understand?" amsarta "Yes, I do." "Did you understand?" amsarta "Yes, I did." "Have you understood?" amsarta "Yes, I have." "Got it?" amsarta "Got it." Mai tambaya ya riga ya zaɓar miki lokacin, ke dai ki miƙa masa kayansa.

Idan ke ce mai bayanin fa? Malamai da ma'aikatan jinya da masu shago da ke saurarenmu, wannan taku ce. "Do you understand?" daidai take a nahawu, amma ga babba tana da kaifi, kamar ki ce wa surukarki "kin dai gane ko?" Turawa sukan ɗora laifin a kan bayanin, ba a kan mai sauraro ba, su ce "Does that make sense?" ko "Is that clear?" "Are we together?" da malamanmu suke yi a aji tamu ce ta nan gida, tana da daɗi, kuma ba na ganin dalilin barinta a tsakaninmu. Turancin Nijeriya ba abin kunya ba ne. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da Kannywood tamu. Abin dai shi ne ki san wanda ke gabanki. Yarinyar da za ta zauna WAEC ko NECO, da ma'aikaciyar jinyar da ke shirin jarrabawar IELTS ko OET don samun aiki a Ingila, inda za a zaunar da ita a saurari maganarta baki da baki, su ba a auna su da Turancin unguwa. Masu ba da maki suna sauraron irin waɗannan ƙananan wurare.

Saura guda biyu da za ki ci karo da su. Idan baƙo ya ce miki "I understand you are the new teacher," ba wani abu mai wuya ya gano ba, cewa yake na ji an ce ke ce sabuwar malama. Amsarki "Yes, I am." Sannan wajen jaje, ƙawarki ta kira ta ce ba za ta samu zuwa bikin ba don jikin mahaifiyarta, "I understand" za ki ce, a lokacin yanzu, wato ba komai, na yi miki uzuri. "I understood" a nan sai ta fito kamar kin riga kin yanke mata hukunci tun kafin ta kira.

Ga iyaye masu duba aikin gida kuma, akwai inda "na" ɗinmu yake sake leƙowa ta taga. Mukan ce wa yaro "in ka gane ka gaya mini." Da Turanci bayan "when" ko "if" aikatau tsurarsa ake sawa, ko da abin bai faru ba tukuna: "When you understand, tell me." Babu "understood," babu "will." Ki gwada da yaran yau da dare bayan an ci tuwo, ke ki riƙa tambaya da "do" da "did" da "have," su kuma suna mayar miki, sannan ku juya su tambaye ki.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara, a gaida maigida.